Baba Sannu-Sannu, Wanne Daga Cikinku Zan Yi Wa Kuka?

Ranar Alhamis, tara ga watan Mayu, da tsakar rana, Ubangiji ya kira surukina, mahaifin maigidana, wanda kowa ya sani da Baba Sannu-Sannu. Ya rasu a ɗakinsa da ke gidanmu, zaune a kujerarsa ta bakin taga, yana da shekara tamanin da ɗaya. Ranar Asabar muka kai shi makwancinsa.

Baba, Fasto ya ce wani daga cikin iyali ya rubuta 'yan kalmomi a kanka. Ɗanka, maigidana, ya zauna da biro da takarda, ya tashi bai rubuta ko harafi ba. Yaya, babbar 'yarka, ta ce ita ba za ta iya ba. Sai abin ya faɗo kaina, wai don ni malamar makaranta ce, rubutu ba zai gagare ni ba. Ga shi ya kusa gagarata, domin ban san wa zan rubuta wa ba. Mutum biyu na zauna da su a gidan nan, suna ɗaya, fuska ɗaya, kuma har aka rufe kabarinka ban gane wanne ne kai ba.

Na farkon shi ne wanda mutane suka cika majami'a dominsa. Mai koyar da tuƙi ne, sama da shekara talatin. Ofishinka ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da benci, da allon alamomin hanya wanda rana ta cinye launinsa, sai tsohuwar motar koyo mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a taka. Ba a taɓa jin ka daka wa mai koyo tsawa ba. Ko mutum ya nufi bango da kai, abin da za a ji kawai shi ne, "Sannu-sannu." Daga nan sunan ya bi ka, har jikokinka suka taso suna zaton shi ne sunanka na yanka. Ni ma kai ka koya mini. Ranar da na hau da motar kan dakalin wani shago, mai shagon ya fito yana kumfar baki, ni kuwa na kifa kai a sitiyari ina kuka. Ka fita ka ba mutumin haƙuri, ka dawo ka zauna, ka ce, "To, Malama, mun iso. Yanzu sai mu koyi komawa da baya."

Lokacin da na shigo gidanku ina ganin kaina cikakkiyar mai bi. Babu taron addu'a da ke wuce ni, ina cikin mawaƙa, ayoyi a bakina kamar ruwa. Harshena ma kamar ruwa yake, sai dai tafasasshe. Ba mu daɗe ba muka saɓa da Yaya a kan wata magana da ta faɗa game da yadda nake riƙon gida. Na ɗauki azumi a kanta. Da ka ga ba na cin abinci, ka tambaye ni azumin me ake yi. Na ce ina roƙon Allah ya canza zuciyar Yaya. Sai ka ce, "Madalla. Injin wankinta ya lalace, ga yara, ga ciwon baya. Ki tafi da azumin naki can, ki ƙarasa shi a bakin baho." Na tafi ina cika ina batsewa, don dai kunyarka. Muka yi wankin babu mai ce wa wata uffan. Kafin mu gama shanya mun fara hira, kafin kayan su bushe har mun yi dariya. Yau Yaya ita ce aminiyata a dangin nan, kuma ban san zuciyar wa aka canza a ranar ba.

Dattijon ikilisiya ne kai, amma ba ka cika son tsayawa a gaba ba. Idan aka ba ka wa'azi, kafin mutane su gyara zama ka gama. Abin da kake yawan faɗa mana a gida shi ne mai bi yana girma ne a wurin da ake taka masa ƙafa, kuma wanda bai taɓa haƙuri da mutum mai ban haushi ba, bai san ko yana da haƙuri ba tukuna. Mun ga hakan a kan wanda ake kira Mai Jar Mota. Yaronka ne a dā, kai ka koya masa aikin tun daga riƙon sitiyari. Da ya ƙware sai ya buɗe tasa makarantar a tsallaken titi, daidai ƙofarka, ya riƙa gaya wa mutane cewa idonka ya mutu, kada su ba ka 'ya'yansu. Ɗalibai suka ragu sosai, har ka sallami ɗaya daga cikin masu taimaka maka. Bayan shekaru, ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa ba ta iya tuƙi, 'ya'yansa ƙanana. Kai ka riƙa zuwa kana ɗaukarsa, kana kai shi asibiti wurin motsa jiki, ka jira a benci, ka mai da shi gida. Ɗanka ya kasa daurewa, ya ce, "Baba, mutumin da ya nemi ya kashe maka sana'a?" Ka ce masa, "Ai ban ce ina jin daɗi ba. Cewa na yi zan kai shi."

Wannan shi ne mutumin da na sani shekara goma sha biyu. Da a nan labarin ya tsaya, da ban sha wahalar rubutun nan ba.

Bayan rasuwar matarka, Mama, ka dawo wurinmu da zama. Wata rana ka fita da mota da hantsi, ba ka dawo ba sai da rana ta yi sanyi, wani mai gyaran taya ne ya rako ka. Ashe a kan titin da ka koya wa ɗaruruwan mutane tuƙi ka ɓace. Ka faka a gefe, ka zauna, ka rasa gabas ka rasa yamma. Washegari ka kira ni da ɗanka falo, ka ajiye makullin motar a kan tebur. Babu wanda ya nema, mu ma muna ta tunanin yadda za mu fara maganar. Ka ce, "Ku riƙe, kada in kashe ɗan wani." A makon nan kuma ka je ka gaya wa Fasto a ba wani kujerarka ta dattijo. Da ɗanka ya fita, ka dube ni ka ce, "'Yata, tsoro nake ji. Ban san abin da zai rage ba idan kan ya tafi." Na karanto maka ayoyi masu ƙarfafa zuciya, ka saurara har na gama, ka ce na gode. Yanzu nake ganin da shiru na yi na zauna kusa da kai, da ya fi.

Likita ya ce ciwon mantuwa ne, mutane suka ce gigin tsufa. Sunan da aka ba shi bai rage mana komai ba. Da fari sunaye ne suka fara zubewa, sannan ranaku, sannan fuskoki. Daga baya sai mutum na biyu ya iso. Makullin da ka miƙa da hannunka, shi ka riƙa nema kullum, kuma ni ce ɓarauniyar. Ka faɗa a gaban yara, ka faɗa a gaban baƙi, ka leƙa ta taga ka faɗa wa masu wucewa. Bakin da ban taɓa jin ko "wawa" ya fito daga cikinsa ba, ya riƙa fito da zagin da sai na tura yara ɗaki. Ka taɓa jifan ɗanka da kofi. Ranar da ta fi ƙona mini rai ita ce wata Lahadi a majami'a, lokacin Jibin Ubangiji. Dattijon da ya gaje ka ya miƙo maka tire, ka buge shi, gurasar ta watse a ƙasa, ka ɗura masa ashar da murya mai ƙarfi. Muka kama ka muka fita, kana tirjewa. Daga ranar ba mu sake kai ka ba, masu zuwa gaishe ka ma suka fara ja da baya.

A bakin ƙofa ranar na ji wata daga cikin matan zumunta tana ce wa ta kusa da ita, "Tulu ai ba ya tsiyayar da abin da babu a cikinsa." Na ji haushinta ƙwarai, na ce a raina jahilci ne, ciwo ne kawai. Na kawo maganar wurin Yaya a kicin, ina jiran ta taya ni faɗa. Sai ta ajiye wuƙar da ke hannunta, ta ce, "Ƙanwata, ni na san muryar nan. Da ita na girma." Ta gaya mini abin da ba a taɓa gaya mini ba, wanda ɗanka ma bai gani da idonsa ba don yana goye a lokacin. Ta ce kafin ka ba da gaskiya mashayi ne kai, mai zafin hannu, idan an ji tsayuwar motarka Mama takan tura ta gidan maƙwabta. Ta ce zagin nan da kake yi yanzu, kalma da kalma, shi ne na wancan zamani. Tana 'yar shekara goma ka tuba, kuma ta daɗe tana jiran ranar da tsohon halin zai dawo, bai dawo ba, har ta manta da jira. "Ga shi ya dawo da furfura," in ji ta.

Tun daga ranar kaina ya ɗaure, Baba, kuma bai kwance ba. An koya mana cewa wanda ke cikin Almasihu sabon mutum ne. Na gaskata, na koyar da shi ga yara. To ina tsohon ya ɓuya shekara arba'in da wani abu? Haƙurin nan da muka gani, da tawali'un, da kai wanda ya cuce ka asibiti, fenti ne da aka shafa a bango, ciwo ya zo ya kankare? Idan mutum kamarka zai koma inda ya fito, ni da ban kai rabin tafiyarka ba, me nake ginawa? Na yi wa Allah waɗannan tambayoyin ina wanke zanen gadonka, na yi su ina goge ƙasa, ban ji amsa ba.

Sai kuma ka sake rikita ni ta wani gefen. Wata Asabar ɗan Mai Jar Mota, wanda yanzu ya zama saurayi, ya turo mahaifinsa a keken guragu, wai ya matsa sai an kawo shi ya gan ka. Na so in hana, domin a safiyar ka riga ka kira ni ɓarauniya har muryarka ta dushe. Aka ajiye shi kusa da kujerarka. Ba ka gane shi ba, ko kaɗan. Shi kuma bakinsa a karkace, maganarsa ba ta fita sosai, yawu yana zubo masa ta gefe. Ka dube shi, ka laluba aljihu ka ciro hankicinka, ka goge masa baki a hankali. Hannunsa da ya mutu ya zame daga kan keken, ka ɗaga shi ka mayar, ka gyara masa wuyan riga. Haka ka yi ta yi har suka tafi, duk lokacin da yawun ya zubo. Mutumin yana ta kuka, kai kuwa ba ka san dalilin kukan ba, kana dai bubbuga masa kafaɗa. Babu wanda ya ce ka yi, kuma ba ka da sauran wayon yin abu don a gani. Idan zagin daga cikin tulun ya fito, wannan daga ina ya fito? Wanne ne a ƙasa, wanne ne a sama? Na tambayi Yaya ko mahaifin ƙuruciyarta zai goge wa wani yawu, ta ce ko kusa.

Da abin ya yi nauyi, dangi suka zauna a kan ko a kai ka gidan kula da tsofaffi. Ba don rashin ƙauna ba ne, kowa ya ga yadda gidan ya koma, yara sun daina kawo abokansu, ɗanka ya rame. Aka ce ni zan yanke, tunda ni ce a gida da kai. Na ce a bar ka. An yaba mini a kan wannan fiye da yadda ya kamata, domin ni kaina ban san ko ƙauna ce ta yi magana ba, ko kuwa bakina ne kawai ya kasa furta "a kai shi". Na rage aiki a makaranta. Na bar mawaƙa, na bar taron tsakiyar mako, wata Lahadin ma ba na samun zuwa sujada. Addu'ata da a dā take da tsawo kamar igiyar rijiya ta dawo jimla ɗaya, wadda nake yi a bakin ƙofarka kafin in shiga da ruwan wanka: Ubangiji, ka riƙe mini bakina. Wata rana ya riƙe, wata rana kuma na riga shi. A wurin jana'iza mata suna ta riƙe hannuna suna cewa na girma cikin bangaskiya, wahalar nan ta gina ni. Ina jin su ina gyaɗa kai. A dā ina ji a jikina cewa ina kusa da Allah, yanzu ba na jin komai sai ciwon baya. Ko girman ke nan, ko gajiya ce, ban iya bambancewa ba. Kai ne wanda zan tambaya, kuma tun kana da rai ba ka nan.

Makonni kaɗan kafin ka tafi Fasto ya zo. Shi kam bai taɓa daina zuwa ba, ko ranar da ka kore shi. Ya karanta maka Maganar Allah, kana kallon taga. Ya rufe littafin, ya kama hannunka, ya ce, "Baba, ka san Yesu?" Ka juyo ka yi tunani sosai, kamar mai son ya taimaka. Sannan ka ce, "Yana cikin 'yan koyon safe ne, ko na yamma?" Fasto ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai. Ka ga ya damu, sai ka ƙara da cewa, "Ka ce masa ya zo. Ni ba na korar kowa." Na raka Fasto bakin ƙofa, na tambaye shi kai tsaye ko mutumin da ya manta sunan Mai Cetonsa yana nan a cikin masu bi. Ya ce shi bai san abin da ke gudana a cikin kanka ba, kuma ba zai yi ƙaryar ya sani ba. Abin da ya sani kawai, in ji shi, yaron da ya yi barci a hanya ya saki wuyan uwarsa, amma ba a taɓa jin ya faɗi don haka ba, tunda ba shi ke riƙe da zanen goyon ba. Na karɓi maganar na ajiye. Wasu ranaku tana isata, wasu ranaku ba ta isata.

Ranar Alhamis ɗin da safe na zo yanke maka farce, ka fizge hannunka ka mare ni a wuyan hannu, ka faɗi abin da ba zan rubuta ba. Na tattara kayana na fita. Da rana na kawo maka abinci, ka ci kaɗan. Ina tsaye ina jira ka gama, sai ka ɗago ka dube ni, duba na sosai, irin wanda ka daɗe ba ka yi wa kowa ba. Ka ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Na ce, "Surukarka ce, Baba." Ka girgiza kai, ka ce, "Ban san ki ba. Amma kin gaji, yarinya." Ka dafa hannun kujera kana ƙoƙarin tashi ka ba ni wurin. Na ce ka yi zamanka, ni ga bakin gado. Ka ce, "To zauna ki huta. Aikin ba ya ƙarewa." Na zauna. Bayan ɗan lokaci na kwashe kwanukan na kai kicin, na wanke, na dawo da ruwan sha, na tarar kanka ya jingina da kujera, ka tafi.

A rana ɗaya, da baki ɗaya, ka zage ni kuma ka ba ni wurin zama. Mutane suna tambayata kalmarka ta ƙarshe, ina gaya musu ta biyun, suna cewa madalla, dattijo ya cika da kyau. Gaskiya nake faɗa musu, amma shatin safiyar yana wuyan hannuna har ranar jana'iza. Na rasa yadda zan raba su, kuma na fara zaton ba aikina ba ne in raba. Duka biyun na yi wa wanka, duka biyun nake kewa, abin da ban taɓa tsammani ba.

Ubangiji Yesu, wanda ka bi da ƙafarka da hannunka tun kafin in san ka, ya ji ƙanka, Baba. Ya gafarta maka abin da ka yi da sani a ƙuruciya da abin da ka faɗa ba da sani ba a tsufa. Ya mayar maka da hankalinka cikakke a gabansa, ya ba ka hutawa da salama har ranar tashin matattu. Ya gafarta mana mu ma, inda haƙurinmu ya gaza a kanka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta ɗauki abin da ta sani ita kaɗai shekaru masu yawa, Allah ya warkar mata da tsohon mikin da sabon. Ga maigidana, wanda ya rasa uba sau biyu, Allah ya ba shi ƙarfin zuciya. Ga jikokinka, musamman ƙananan da ba su riski kakansu na farko ba, Allah ya ba mu bakin da za mu ba su labarinsa. Ga Fasto da dukan ikilisiya, da waɗanda suka zo da waɗanda suka kasa zuwa, da ɗalibanka da ke bisa hanyoyi ko'ina, Ubangiji ya ta'azantar da mu duka.

Ni kuma ku sa ni a addu'a. Har yanzu nakan tashi da safe in ɗora ruwan zafi, sai ya tafasa in tuna babu wanda zan yi wa wanka. Allah ya nuna mini inda zan kai hannayen nan. Amin.